Koriyar Fitila a Defon Fatakwal

Haƙƙin da ke wuyanmu, mu da muka gina na'urar lodin mai a wani defo na Fatakwal, guda ɗaya ne: kada koriyar fitila ta kama alhali bawul, wato marufin bututun mai, bai rufu ba. Direban da ya hau saman tanka ya ɗora ransa ne a kan wannan fitila. An tauye wannan haƙƙi, mutum ya mutu, sannan aka jingina masa laifin mutuwarsa.

Marigayin aminin mahaifina ne. Mota ɗaya suka shigo da suka dawo Fatakwal bayan yaƙin basasa, suka tarar da wasu a ɗakunansu na da, suka sake farawa daga rumfar albasa a Kasuwar Creek Road. Mahaifina ya tsaya a kasuwa, shi kuma ya koma tuƙin tanka. Kawu nake ce masa, ko da yake babu jini tsakaninmu.

Ni boko na yi. Lokacin da kasuwar mai ta sake buɗewa, tankoki suna jerin gwano har bakin titi, wani kamfani ya ɗauke ni aikin injiniya. Aikina rubuta sashen manhaja da ke can cikin cibiyar kwamfuta, wanda yake magana da ɗan kwanturolan da aka gina cikin ƙwayar na'urar, abin da bai kai farcen babban yatsa ba. Shi kwanturolan ne ke juya bawul. Tsakaninsu akwai wani gurbi da muke kira akwatin saƙo. Manhajata ta ajiye umarni a ciki, ta ce rufe, sai ta jira. Idan bawul ya rufu, kwanturola ya ajiye amsa, sannan fitila ta kama.

To idan amsa ba ta zo ba fa? Na bi abin da na taso na gani. Mahaifina bai taɓa shiga gidan mutum ba sai an amsa masa sallama. Ya yi sau uku, in shiru, ya juya. Haka na rubuta. Umarni sau uku, in babu amsa a kashe babban famfo, a busa jiniya, a rubuta abin da ya faru a kundin na'ura.

Zafin rana kan sa kwanturolan ya yi nauyin baki. Jiniya ta yi kuka, lodi ya tsaya cak, direbobi su hau tsaki. Wata rana Kawu ya tare ni a gindin tankarsa yana ɓare goro.

"Injiniya, aljanin nan naka ya sake yin yaji?"

"Kawu, ba yaji ya yi ba. Sallama ya yi ba a amsa ba."

"Af, ashe ɗan gidan mutunci ne. Ya fi ka, kai da kake wuce ni a kan okada kamar an biyo ka."

Tsofaffin direbobi suna da al'ada: kafin su zare bututu daga bakin tanka sai sun kara kunne a jikin ƙarfen, su ji ko mai ya daina gudu. Na ga Kawu yana durƙusawa da ƙyar saboda ciwon gwiwa, sai na ce masa, "Kawu, ka huta da wannan wahala. In ka ga kore, ya rufu. Ni na rubuta shi da hannuna." Ya dube ni ya ce, "To, ɗanmu ya faɗa." Daga ranar bai ƙara kara kunne ba. Wannan magana tawa ce, kuma ina so a shigar da ita cikin bayani.

Manajan defo ya kira ni ofishinsa. Ya ce tsayawar nan tana hana aiki, in gyara yadda in an tura umarni za a ɗauka an bi. Na ce shiru ba amsa ba ne. Ya ce, "Malam, bawul ɗin nan yana rufuwa kullum, bakinsa ne kawai ke da nauyi." Na ce a sa wa akwatin na'urar fanka da rumfa, ko a canza ƙwayar. Na rubuta ƙin yardata a takarda, aka buga mata hatimin karɓa, na riƙe kwafi. Ba a yi wata guda ba aka mayar da ni reshenmu na Inugu. Na tafi ina ganin takarda mai hatimi ta isa katanga. Na yi wa Kawu ban kwana a ƙofar masallacin unguwa, muka yi raha, ban ce masa ya koma kara kunne ba.

Ina kasuwar Ogbete ina sayen wake, da la'asar sakaliya, mahaifina ya kira ni a waya. Bai tsaya gaisuwa ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Kawunka ya rasu. Wuta." Waɗanda suke wurin sun shaida cewa fitila ta yi kore, ya zare bututu, fetur ya yi masa wanka, ƙarfe ya gogi ƙarfe.

Rahoton kamfani ya ce sakaci ne na direba, wai ana zaton ya kunna taba. Mutumin da a duk zamansa na Fatakwal ba a san shi da komai ba sai goro. A zaman makoki matarsa ta sa aka kira ni bakin ƙofa, ta ce daga bayan labule, "Ɗana, kai ka san injin nan. Da gaske shi ya jawo wa kansa?" Na ce a'a, Inna. Ta ce, "To me ya sa aka rubuta?" Yau a tashar tankoki, in ana jan kunnen sabon direba, da shi ake misali.

Wani abokin aikina da abin ya dame shi ya ba ni kwafin manhajar da ke kan na'urar ranar gobarar, da kundinta. An cire layukan jira gaba ɗaya. Kundin ya nuna an tura umarnin rufewa kuma an kunna fitila a cikin daƙiƙa guda, alhali bawul ɗin ba ya rufuwa a ƙasa da daƙiƙa huɗu. Gurbin amsar kwanturola kuwa fayau yake.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon hukumar da ke da alhakin sa ido a kan defo-defon mai da ta sake buɗe wannan bincike. A karɓi manhajar da na rubuta, da wadda aka sauya, da kundin ranar, da takardata mai hatimi, a ba masanin da ba ya cin abincin kamfanin ya gwada su. A tambayi wanda ya ba da umarnin cire jiran. A tambaye ni nima, a kan abin da na faɗa wa marigayin da abin da na kasa faɗa masa. Idan ta tabbata yadda na bayyana, a soke kalmar sakaci daga rahoton, a aika wa matarsa gyaran a rubuce, da Hausa, domin a karanta mata tun tana da rai.