Tsarabar da Ban Miƙa Ba

Sau ɗaya na taɓa ƙetare teku don yawo, shi ma albarkacin keken guragu. Iyalan kafilina, Balaraben da nake wa aiki, za su hutu wani tsibiri a Girka, tsohuwarsu kuma ta kafe ba mai tura ta sai ni.

Ranar tafiya maƙwabciyata mai sayar da masa, wadda muka tsufa katanga ɗaya a unguwar Karantina, ta raka ni bakin titi. Ta ce, "Yaya, ban son turare, ban son zane. Ki dawo mini da labari, halas, shi ke nan."

Can motar 'yan yawo ta sauke mu a gindin wata doguwar hasumiyar dutse mai 'yan tagogi tsukakku. Mai yi mana bayani ya ce a da, in ɓarayin teku suka ɓullo, duk ƙauyen ke shigewa ciki su janye tsani. Kowa ya hau, aka bar ni a ƙasa da tsohuwa tana gyangyaɗi. Na ɗaga kai ina ƙiyasta 'yan lungunmu a ciki. Ai da surutunmu kaɗai ɓarayin za su gano mu, ita kuwa maƙwabciyata sai ta leƙo ta yi musu tallar masa. Na yi dariya ni kaɗai, na adana mata maganar. Har 'yar hasumiyar yumɓu na saya mata, kada ta ce na ƙara gishiri.

Tun kafin in tafi an shafa wa gidajenmu jan fenti, alamar rusau, amma mun ɗauka da saura. Da na dawo, direban tasi ya tsaya a wani fili fetal ya ce, "Hajiya, nan ne." Na yi ta yi masa gardama har na gane bishiyar bakin masallacinmu.

Ƙanena ya riga ya kwashe kayana zuwa wani ɗaki a unguwar Sa'alaba. Maƙwabciyata kuwa layin wayarta ba ya shiga. Wasu sun ce tana Makka, wasu sun ce ta koma Sudan.

Ina kewarta ƙwarai. Hasumiyar tana kan tagata, har yanzu a naɗe cikin takardar da aka ba ni ita. Yau ne karon farko da na ba da labarin, kuma ba ita na ba wa ba.