Garwar Gwaggo Kande

Duk wanda ya zauna a unguwar Balad ya san Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifina, ba ta fita sai da tsohuwar garwar kananzir da ludayin ƙarfe. A wurinta dafin gizo-gizo ba ya barin jiki sai da gumi, gumin ma na rawa. Abin haushin, kowane ciwo a idonta cizon gizo ne. Ni kuwa ina saurayi, ina aiki a tashar jiragen ruwa, ina ji da kaina. Da na jiyo garwar nan sai in canza lungu don kunya.

Ta taɓa tare wani ɗan dako yana ɗingishi. Ya ce, "Hajiya, wallahi buhu ne ya faɗo mini."

Ta ce, "Ka leƙa cikin buhun? Yalla, maza taka rawa."

Da aka kwantar da mahaifina a asibiti likita ya kore ta, sai ta zagaya bayan taga ta ci gaba da kiɗa. Ya warke, aka ce allura ta yi aiki. Ta ce, "Allura dai ta zo ta tarar."

Wadda ba na mantawa ita ce ranar da Alhaji Usman, mahaifin yarinyar da nake nema, ya zo ganin irin gidanmu. Dattijo ne da ko dariya ba ya yi a gaban mutane. Na roƙi Gwaggo ta ɓoye garwar, ta yarda. Ana shan shayi, tsautsayi ya sa ya sosa ƙaurinsa.

"Alhaji, tun yaushe?"

"Sauro ne, Hajiya."

"Haka mijina ya ce, ranar Juma'a muka binne shi."

Ashe garwar na ƙarƙashin mayafinta. Jama'a, da idona na ga Alhaji Usman riƙe da gefen riga yana tsalle a tsakar gidanmu, maƙwabta sun cika taga. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya fita jiƙe sharkaf ko sallama babu, na ce halas, shi ke nan, aure ya sha ruwa. Na daina gaida Gwaggo.

Sai ga aikensa wai ya ba ni. Daga baya ya ce mini, "Gidan da aka zubar mini da girma don kar in mutu, 'yata ba za ta yi ciwo ita kaɗai ba."

A ciwonta na ƙarshe Gwaggo ta miƙo mini ludayin. Na rufe ƙofa da taga, na fara bugawa a hankali kamar ɓarawo. Ta ce, "Buɗe tagar, ɗan nema. Kiɗanka ma wani ciwon ne." Na buɗe, na buga da ƙarfi ina hawaye. Babban yatsan ƙafarta kaɗai ya iya takawa.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya sanyaya makwancinta, Ya ba ta lafiyar da ta yi ta nema wa mutane.