Waƙar da Yayana Ba Ya Ji

Ɗakin da muka fara waƙa a cikinsa yana unguwar Jambutu a Garuwa, a bayan wani shagon injin niƙa. Ni da yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ke haɗa kiɗa a kwamfuta, ni kuma in tsara baiti in rera. Gidanmu gidan 'yan kasuwa ne. Fataucin atamfa ne ya kawo kakanninmu Garuwa daga Najeriya, kuma har yau shagon yana nan a babbar kasuwa. Babu wanda ya taɓa waƙa a zuriyarmu, balle mace. Da ba don Yaya ya tsaya mini ba, da Baba bai bar ni na buɗe baki ba. Shi ya ce masa, "Baba, ai tana gabana. Duk inda ta sa ƙafa ina nan." Baba ya yi shiru, mu kuwa muka ɗauki shirun a matsayin izini.

Ɗakin ƙarami ne. Yaya ya manna soson katifa a bango don ya tare ƙara, amma injin niƙan nan bai san da soso ba. Tun safe mata ke layi da masara da dawa, injin na ruri har bango na rawa. In za a ɗauki muryata sai mu roƙi mai injin ya ɗan dakata, yakan dakata kuwa, mutumin kirki ne. Amma haɗa kiɗa, wanda shi ne mai cin yini, a cikin rurin Yaya yake yinsa. Sai ya ɗora abin sauraron nan da muke kira kaske a kunnuwansa, ya murɗa ƙarar har ƙarshe don ya danne injin. Ina zaune a bakin ƙofa ina jiyo kiɗan yana fitowa daga kansa. Na ɗauka haka aikin yake. Shekaru muka yi a haka.

Waƙoƙinmu na rawa ne. Gangar kwamfuta mai dukan ƙirji, murya kuma an bi ta da na'ura har ta yi santsi tana kyarma. Da Hausa nake yi, ina tsarma Fulatanci da Faransanci kamar yadda muke magana a gida. Ba mu da kamfani, ba mu da ubangida. Daga waya zuwa waya waƙa ke tafiya. Ranar da na hau moto, wato babur ɗin haya, na ji mai moton ya kunna muryata bai san ni ce a bayansa ba, da na sauka sai da na ruga na faɗa wa Yaya. Ya yi ta dariya yana cewa, "Auta, ki bari ki gani, sai an ji mu har Yawunde."

Wata bazara aka yi ta ɗauke wuta. Wanda ya san zafin Garuwa ya san ba a zaman ɗaki mai soso babu fanka. Aiki ya tsaya, na koma taya Baba zaman shago. A gefen shagonmu akwai wata dattijuwa 'yar garin Poli mai sayar da gyaɗa da doya, Kirista, kowa Mama yake ce mata. Ita ke jan waƙa a cocinsu, don haka wasu ranaku takan zo da jita ta tura ƙarƙashin teburi, in an tashi kasuwa ta wuce gwajin waƙa. Wata rana ciniki ya yi sanyi ta ciro ta tana gyara tsirkiya, ta kama ni ina kallo.

"Ke ce mai waƙar nan ko? Zo ki yi mini ɗaya."

Na ce ai babu kiɗa.

"Ga kiɗa," in ji ta, ta kaɗa tsirkiya.

Na rera, na ji kunya ta kama ni. Ban taɓa jin muryata tsirara haka ba. Tana da kaushi a ƙasa, tana karyewa in na hau sama, duk abubuwan da na'urar Yaya ke sharewa. Na tsaya a tsakiya. Mama ta ce, "Me ya sa kika tsaya? Wurin da ta karye ɗin nan ne na fara jin ki."

Daga nan ta riƙa koya mini in babu masu saye. Yatsuna suka yi kanta. Kafin damina ta faɗi, waƙoƙin da ke zuwa mini sun sauya. Sun zama masu sanyi, masu magana, irin waɗanda ganga za ta danne. Na yi ɗaya a kan Inna, mahaifiyarmu, da yadda take jiran mu a zaure, na yi wata a kan masu wanki a bakin kogin Binuwai.

Ban ɓoye wa Yaya ba. Da wuta ta daidaita na tafi ɗakin da jitar Mama, na ce ina so a ɗauki waɗannan haka nan, babu ganga, babu gyaran murya. Na shirya za mu yi faɗa, don kiɗan nan rabin ransa ne. Sai kawai ya dube ni ya ce, "To, zauna." Ya gyara mini makirufo, ya je ya roƙi mai injin, ya dawo ya danna. Na rera waƙar Inna tun daga farko har ƙarshe. Da na gama na ce, "Yaya, ya ka ji?"

Idonsa na kan layukan da ke hawa da sauka a fuskar kwamfuta. Bai juyo ba. Na sake tambaya da ƙarfi.

"Na ga ta yi kyau," in ji shi.

"Ka gani, ko ka ji?"

Ya cire kasken ya ajiye a cinya. Sannan ya ce, "Auta, jitar ba ta iso ni. Muryarki ma kamar daga ƙarƙashin ruwa. Ya kwana biyu ina jin wani kuka a kunne, ba ya tsayawa."

Nan take abubuwa suka riƙa dawo mini. Yadda yake karkato kai in ana masa magana. Yadda Inna ke mita wai ya daina amsa kira. Wani mai kiɗan biki da ya ce mini waƙoƙinmu na baya bayan nan suna huda kunne, na ce masa sifikarsa ce ta lalace.

Ni na raka shi asibiti. Likitan ya gwada shi, ya tambayi aikinsa, ya yi bayani da Faransanci a hankali yana kallon fuskarsa. Ƙara ce ta cinye jin, abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a tsare abin da ya rage. Kaske kuwa ya rabu da shi har abada. Muka kamo hanyar gida. Lissafin da zuciyata ke yi ɗaya ne: waƙoƙin wa yake haɗawa duk shekarun nan? Ba shi da wata mawaƙiya sai ni. Muryata ce ke cikin kasken nan tun safe har la'asar, yana maimaita layi ɗaya yana gyarawa don in fito da kyau.

Ya rufe ɗakin ya koma shagon Baba. Ni kuwa abin da ban zata ba ya faru. Waƙar Inna ta tafi inda waƙoƙin rawa ba su taɓa kaiwa ba. Gidan rediyo ya kira ni. Aka gayyace ni Marwa, aka gayyace ni Ngaundere, ni da jita kawai. Mutanen da a da ba sa ɗaukar abin da nake yi da daraja suka fara tsayar da Baba a masallaci suna yaba masa. Duk wani abin farin ciki da ya zo, sai in kasa jin daɗinsa. In na dawo daga tafiya in tarar da Yaya yana auna yadi, yana sa mai saye ya maimaita magana, sai in rasa yadda zan ba shi labari.

Akwai wani wasa da na yi da yamma a farfajiyar wata makaranta a nan Garuwa. Ya zo ya zauna a layin gaba. Ina rerawa ina kallonsa. Bakina yake kallo, kuma in waƙa ta ƙare sai ya ɗan saci kallon na kusa da shi kafin ya tafa. Da ƙyar na kai ƙarshe.

Washegari na same shi a shago, Baba ya fita. Na matsa kusa da kunnensa na dama, wanda ya fi ji, na ce na yanke shawara zan mayar da ganga cikin waƙoƙina. Ganga dai yana jin ta a ƙirji, ko ba kunne.

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci da ni haka ba. Ya ajiye almakashi.

"Don wa?"

"Don kai, Yaya."

"Na ce miki ina so? Ni na sa kasken nan a kaina, ni na murɗa shi. Kada ki yi mini waƙar tausayi, Auta. Jiya na ga wata tsohuwa tana share hawaye a bayana. Da gangata ba mu taɓa sa kowa kuka ba. In kika koma baya saboda ni, to kunnen ya tafi a banza ke nan."

Na fashe da kuka a gaban atamfofi. Mama ta leƙo daga rumfarta, ta ga mu ne, ta koma.

Ban mayar da gangar ba. Maganarsa gaskiya ce, na sani, amma ba ta sauke mini nauyin ba. Har yanzu in aka tambaye ni a rediyo me ya sa na bar kiɗan na'ura, nakan ce ina neman muryata ta ainihi ne. Ba ƙarya na yi ba. Sai dai ba ni kaɗai na biya kuɗin hanyar da ta kawo ni nan ba, kuma wannan ba ya faɗuwa a cikin hirar minti kaɗan.

Yanzu yana da ɗan abin ƙara ji da ake maƙalawa a bayan kunne. Yana taimaka masa da magana, amma ya ce jita a cikinsa kamar ana karta kwano take. Ya yi aure, shagon ma kusan duk a hannunsa yake tunda Baba ya manyanta. Da kansa ya ce in riƙa tura masa baitoci ta waya kafin in ɗauki kowace waƙa. Yana karantawa tsakanin masu saye, kuma ba ya raga mini. A makon jiya ya dawo mini da wata yana cewa baiti na biyu ya yi tsawo, numfashina ba zai kai ba, in yanke. Na ɗauki jita na gwada, numfashin bai kai ba, na yanke.