Stoimen da Tsakuwar Kogi

Duk hanyar da mota ke bi yau a ƙauyenmu, nan cikin duwatsun Rodopi, Stoimen ne ya fasa ta. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Lokacin da aka rushe gonakin gwamnati kowa ya ruga neman shanu da tumaki, shi kuwa ya zaɓi wata tsohuwar katafila da kaji suka mayar akurki. Aka sha dariya. Ya ƙare lokacin sanyi kwance a ƙarƙashinta yana gyara, ƙanƙara na narkewa katafilar ta tashi.

Da ita ya share hanyar injin katako, ya haƙa harsashin gidaje. Matarsa Tsveta ke amsa wayar masu aiki daga ɗakin girki, hannunta duk gari. Suka sayi tifa, suka ƙara wata, har suka kai ga injin haƙa sabo fil. Da ɗansu tilo Zdravko ya gama karatu a birnin Plovdiv, uban ya sa aka rubuta "Stoimen da Ɗansa" a ƙofar kowace mota.

Wata shekara masu gina otal a kan dutse suka zo neman wanda zai kwaso musu tsakuwa daga kogi. Hankalin kowa ya tashi, domin an yi haka a ƙauyen da ke ƙasa da mu, rijiyoyinsu suka ƙafe. Stoimen ya tsaya a ƙofar coci ya ce, "Muddin ina numfashi, ƙarfena ba zai taɓa kogin nan ba." Zdravko na gefensa yana gyaɗa kai.

Ba a daɗe ba aka kwantar da Stoimen a asibiti don aikin ƙugu, Tsveta na jinyarsa. A bayan idonsu, Zdravko ya sa motocin suka gangara kogi. Mutane suka ce ai da yawun tsohon. Na je asibiti in faɗa masa, Tsveta ta tare ni a ƙofa.

"Na sani, Radka. Don Allah ki bari ya warke tukuna."

Zdravko kuwa kullum Lahadi yana zuwa da zuma, yana cewa, "Baba, aiki lafiya lau, kai dai ka huta."

Ranar da aka sallame shi, ina cikin motar da ta ɗauko shi. Da muka hau gada ya ce a tsaya. Ya fito da sandarsa ya leƙa. Inda yara ke wanka ya zama ƙaton rami, tifa biyu na jiran lodi. Zdravko ya hauro da gudu.

"Baba, tsaya ka ji. In ba mu yi ba, wani zai yi."

"To ai da wanin ne ya yi."

"Zamani ya canza, Baba. Ba a ciyar da ma'aikata da rantsuwa."

"Ai kuwa ka iya zuba zuma," in ji Stoimen. Ya juya ga Tsveta. "Ke ma kin sani?"

Ta sunkuyar da kai. Ya koma cikin mota, muka wuce gida.

Kafin kaka rijiyoyin unguwar ƙasa suka ƙafe. A kanti mutane suka daina amsa gaisuwarsa. Bai taɓa cewa ba da saninsa aka yi ba, don ba zai tona ɗansa a bainar jama'a ba. Ya dai ce wa Zdravko ya kwashe motocin ya bar garin, kuma ya goge sunansa daga jikinsu. Shi kansa ya yi ta tura duwatsu cikin ramin har sanyi ya hana shi. Ruwan bai dawo ba, sai da aka jawo famfo daga wani marmaro.

Yanzu Zdravko na Plovdiv, motocinsa sun ninka na da. Ya haifi ɗa, Tsveta kan je ganinsa duk wata. Stoimen ne ke ɗaukar mata jaka zuwa tashar bas, ya jira ta shiga, sannan ya dawo gida a hankali da sandarsa.