Ganyen Mambila a Tukunyar Wankan Jego

Shekaru sun ja tun da wannan abu ya faru, don jaririyar da na haifa a lokacin yanzu har musu take yi da ni da Turanci. A lokacin ina karatun digiri na uku a nan Landan, muna zaune a Thamesmead ni da maigidana, a wani ɗan gida da in ka yi taku kaɗan sai bango ya dawo da kai.

Bincikena a kan wani kurmi ne da ke can saman tsaunin Mambila, inda gajimare yake sauka ya zauna a kan bishiyoyi har hantsi. Ƙasar wurin ba ta da ƙarfi, ruwan sama ya wanke ta, amma ga bishiyoyi manya-manya. To me suke ci? Zatonmu shi ne ganyen da suke zubarwa ne yake ruɓewa ya koma musu abinci. Don haka muka kafa raga a ƙarƙashinsu, a tsakiyar kurmi da kuma bakinsa. Wani abokin aikina da ke can yana kwashe abin da ya zuba lokaci-lokaci, ya busar, ya zuba a manyan ambulan, ya bi su da lamba daga ɗaya, ya turo mini Landan. Shekara guda cur ana wannan. Nawa aikin shi ne in ware ganyen kowace bishiya, in niƙa, in auna sinadaran da ke ciki.

Da ciki ya tsufa, hawa bas da sauka ya gagare ni. Malamata mai duba aikina ta yarda in kawo kwalin bakin kurmi gida in yi wariyar a kan tebur. Ko ambulan ɗaya ban buɗe ba naƙuda ta zo. Maigidana ya tura kwalin ɗan ɗakin ajiya, muka wuce asibiti a Camberwell.

Mahaifiyata ta iso daga gida don jego. Abu na farko da ta nema bayan ta ga jikarta shi ne ganyen wanka. Maigidana ya tafi Deptford, ya bi shagunan 'yan Afirka har ya samo busasshiyar darbejiya, ya sa a wani ƙaramin kwali ya ajiye a ɗakin ajiyar nan. Kun dai san suruki da suruka. Daga bakin ƙofa ya tsaya, kansa a ƙasa, ya ce, "Umma, ganyen yana cikin kwali a store." Ita kuma ta kawar da kai ta ce, "To, madalla." Maganar wankan 'yarta ce, ba za ta tsaya tambayarsa wane kwali ba, shi ma ba zai ƙara kalma ba.

Aka fara wanka safe da yamma, ruwa kamar zai sale fata. Ni kuwa jikina ne kawai yake jego, hankalina yana kan karatu. Tallafin da nake karatu da shi saura watanni ya ƙare, kuma izinin zamana a ƙasar a jikinsa yake. Ba na iya zama. In kwanta, in tashi, in leƙa taga, in jawo kwamfuta ƙarƙashin bargo. Mahaifiyata ta shigo da kunun kanwa ta kama ni ta ce, "Ke wai ƙaya ce a gadon nan? Mai jego kwanciya take yi."

Abin dariyar shi ne na ji ƙamshin tun ranar farko. Ruwan ba shi da ɗacin nan na darbejiya, ƙamshin kurmi yake yi bayan an ɗauke ruwan sama. Ni da na yi shekaru ina shinshinar ganyen nan, sai na ce kewa ce. Har na ce mata, "Umma, ƙamshin aikina nake ji a ruwan nan." Ta ce, "Karatun nan sai ya taɓa miki kai."

Bayan suna da 'yan kwanaki na shiga kicin neman ruwa. Mahaifiyata ba ta zubar da takarda mai kyau. A kan taga na ga ambulan an ninke su tsaf an jera, da rubutun abokin aikina a jiki.

"Umma, waɗannan daga ina?"

"Na ganyen wankanki ne. Mai maganin nan ya san aikinsa, kowane wanka da lambarsa. Ni dai bi nake yi a jere."

Na buɗe ɗakin ajiya. Ga ƙaramin kwalin darbejiya can a lungu ko taɓa shi ba a yi ba. Ga nawa a buɗe, ya yi rami. Daga ɗaya ta fara, wato daga watannin rani, lokacin da bishiyoyin suka fi zubar da ganye. Zuciyar binciken ke nan, kuma ni aka watsa wa ita a baya.

Ban yi ihu ba. Zarya na kama, daga kicin zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa kicin, jaririya tana kuka ina wuce ta. Na kira malamata. Baturiyar nan ta fara tambaya ko fatata ta yi ƙuraje, ko an wanke jaririya da ruwan. Na ce a'a. Sai ta ce in tambaya ko za a iya sake tarawa a rani mai zuwa.

Na kira abokin aikina, layi yana yankewa ina sake kira. Da na same shi ya ce, "Ai na so in faɗa miki, na ga kina jego. Wutar daji ta ci bakin kurmin nan. Ragar ta narke, bishiyoyin da muka sa wa alama duk sun ƙone." Na zauna a ƙasa. Shi ne zamana na farko na gaskiya tun da na dawo daga asibiti.

Washegari da safe na tarar da faranti a kan hitar ɗumama ɗaki. Mahaifiyata ta tsince ganyen da ta dafa jiya, ta shanya shi ɗaya bayan ɗaya, tana mayarwa cikin ambulan. Ta ce, "Ga shi ya bushe, ko ɗaya ban zubar ba. Sauran ne aka riga aka kwashe da shara." Abin da nake aunawa ya riga ya fita ya bi ruwa, amma na karɓa na ce na gode. Ta dube ni, ta gane. A hankali ta ce, "Korar ki za su yi, 'yar nan?"

Na ce, "Ban sani ba, Umma. Zan yi applying na extension, ko a ƙara mini lokaci."

Maigidana yana tsaye daga waje ya ce laifinsa ne. Ita ta ce nata ne. Shi ne karo na farko da na ji sun yi magana mai tsawo da juna, kowa yana jan laifi wajensa, har yanzu ba wanda ya ɗaga ido.

Ba a kore ni ba. An ƙara mini lokaci, muka sake fasalin aikin ya tsaya a kan watannin damina, na gama a makare kuma a gajiye. Ranar kare aikin, ɗaya daga cikin masu jarraba ni ya nuna giɓin da ke cikin zanen sakamakona ya tambayi ina ganyen rani na bakin kurmi. Na ce an yi mini wanka da shi. Ya ɗauka wasa nake, sai da malamata ta tabbatar masa daga baya.

Yanzu in na tuna ina dariya, amma dariyar ba ta kai ƙarshe. Tambayar da na zo da ita ban amsa ta duka ba, kuma ba wanda zai amsa ta a kan waɗancan bishiyoyin, don babu su. Na daɗe ina jin haushin hakan. Daga baya na daina, saboda na ga mace ce ta bar gidanta ta zo ƙasar sanyi, tana tashi da asuba tana ɗora tukunya don 'yarta ta warke. Na kuwa warke sarai. Ganyen ƙarshe da bishiyoyin nan suka zubar a rani bai kai ɗakin gwaji ba, mahaifiyata ce ta gasa mini jiki da shi.