Ranar da Na Goge Saƙon Surukina

Duk abin da zan manta a shekarun da na yi ina kula da zauren manoma na waya, ba zan manta ranar da na goge saƙon surukina ba.

Zauren ya haɗa manoma da masu kiwo daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A nan muke jin farashin masara, a nan ake faɗa mana wace hanya ce lafiya, wacce ce ba a bi. Ni ne admin, kuma doka ɗaya muka fi tsanantawa: ba a sako linkin wani shafi, ko na waye, sai an nuna mini.

Ranar kasuwar Ƙanƙara ce, da hantsi, ina shagona na maganin feshi, sai na ga linki ya shigo, wai za a yi wa shanu allura kyauta, kowa ya shiga ya yi rajista. Da na duba mai sakowa, sai na ga mahaifin matata ne, dattijon da ke zaune a Yargoje. Na buɗe shafin. Suna tambayar suna, da ƙauye, da yawan shanu, da wurin da garke yake kwana. A yankinmu, inda ɓarayin daji suke da masu kai musu rahoto, wa zai tambaye ka inda shanunka suke kwana don allura? Nan take na goge saƙon.

Ban ajiye wayar ba surukina ya kira.

"Malam, mi na yi maka da za ka kunyata ni gaban jama'a?"

"Baba, ka yi haƙuri, doka ce."

"Doka? Ni da na ba ka ɗiyata?" Ya kashe.

Na kira wani abokina mai aikin lafiyar dabbobi, ya ce shi bai san da wani shiri irin wannan ba. Na rufe shago na hau babur na nufi Yargoje. Duk tsawon hanyar nan mai gargada abu biyu nake juyawa a raina: fuskar matata in ta ji, da mutum nawa suka riga suka buɗe shafin.

Na sami surukina a zauren gidansa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ba tare da ya dube ni ba. Na karanta masa tambayoyin shafin ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan ta ƙarshe, sai ya ajiye carbinsa.

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Ai na rubuta masu. Har bakin rafin da muke ɗaure su na faɗa. Maƙwabcina ma ni na sa shi ya yi."

Ban taɓa ganin tsoro a idon mutumin nan ba sai ranar. Kafin la'asar muka kora shanunsa da na maƙwabcin zuwa gidan wani ɗan'uwa a cikin Ƙanƙara. Na sanar a zaurenmu na waya cewa duk wanda ya yi rajistar ya sauya wa dabbobinsa wuri. Makonnin da suka biyo baya, duk ƙarar babur da aka ji daga nesa sai an miƙe, duk kiran da ya shigo daga Yargoje sai na yi addu'a kafin in ɗauka.

Allah Ya tsare, ba abin da ya same su. Shafin ya ɓace, ba mu taɓa sanin masu shi ba. Daga baya Baba da kansa ya tura murya a zauren: "Ni na sako abin nan, yaron nan ya goge, kuma ya yi daidai. Kada wanda ya sake."

Abin da na koya shi ne, dokar da za ta tsare jama'a ba ta tsallake babba don kunya. Amma gogewa kaɗai ba ta isa ba. Sai ka taka ka je, ka durƙusa, ka faɗa wa mutum dalili.