Ranar da Ta Raka Shi

Ina tankaɗe na ji wayata tana karkarwa a kan murfin langa, kir-kir-kir. Saƙon ɗana na fari ne, wanda ya tafi ƙaro karatu. Daga Kano ya sauka Alƙahira, yanzu kuma zai hau babban jirgi zuwa Toronto. Ya ce za su tashi da hantsi, su sauka ƙarfe uku na rana, kuma da ƙafarsa ta taɓa ƙasa zai kira.

Na lissafa a raina, na ga ai kamar mutum ya je Kano ne daga Daura ya dawo. Na yi hamdala, na ci gaba da aikina.

Aka kira la'asar, shiru. Na idar da salla na zauna a kan darduma, wayar a cinyata. Ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa faɗa ba, balle in fita tsakar gida ina cigiyarsa. Da maigidan ya dawo daga kasuwar Mai'adua, sai na tura Auta, ƙaramar 'yata, ta tambaye shi ko Yayanta ya kira. Ta dawo ta ce Baba ya ce a'a, wai kuma a gaya wa wadda ta aiko ta ta kwantar da hankalinta.

Ban kwantar ba. Na san teku ce a ƙarƙashinsu. Na tuƙa tuwo ya yi gudaji, na manta gishiri a miyar kuka, bakina bai daina salati ba. Magariba ta wuce, aka yi isha'i. Auta ta ƙi cin abinci, ta zo ta jingina da ni, ita ma tana kallon wayar.

Da kiran ya shigo, Auta ta riga ni dannawa. Ga fuskarsa, ga gajiya a ido, ga kuma rana tarwai a tagar bayansa. Mu nan fitila muka kunna.

"Umma, lafiya lau na sauka. Yanzu zan nemi wurin yin la'asar."

Ya ce ukun da ya rubuto agogon can ne, ba namu ba. Wuni guda suka yi a sama suna bin yamma, ranar ba ta faɗi musu ba. An koya mana wannan a sakandare, da ƙwallon duniya a kan teburin malam, amma ban taɓa zaton zai shigo har ɗakina ba. Abin da na iya ce masa kawai, ya ci abinci, kada ya yi wasa da salla. Maigidan yana bakin ƙofa yana murmushi, bai tona ni ba.

Bayan an kashe wayar, Auta ta leƙa waje ta dubi duhu, ta dawo.

"Umma, ashe ranarmu ce ta raka Yaya. Gobe idan za ta faɗi, mu ba ta saƙon gaisuwa."